Azumin da Sukari Ya Yi Mana Yawa

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Jidda da ke haɗuwa da danshin teku, mutum ya yi wanka ya fito bai san ko ruwa ne a jikinsa ko gumi ba. Ni dai ba na fita. Ina zaune a hawa na uku a unguwar Safa, gidan 'yata Rabi, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani a bango har gwiwoyina suna ƙorafi. Jiya da la'asar Rabi tana kicin tana suyar sambusa, ɗanta Fahad ya miƙe a kujera yana ta sauya tashoshin talabijin kamar mai cigiyar akuya. Can sai aka nuno wata gonar rake, ido bai kai ƙarshenta.

Na ce, "Tsaya nan. Me suke cewa?"

Fahad a nan aka haife shi, Sitti yake ce mini, wato kaka da Larabci. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ya yi ta tuntuɓe. Ya ce, "Ya Sitti, wata ƙasa ce. Sukari ya yi musu katir, ya'ni ya yi yawa, mafi, babu mai saye. Sai su matse rake, su bar ruwan ya yi tsami, ya zama kuhul. Ba'den su zuba a banzin, ya'ni fetur, mota ta tafi."

"Mene ne kuhul?"

"Giya, ya Sitti. Amma ta mota." Ya kece da dariya.

Ni ban yi dariya ba. Watan azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai yana zagaye kafin ya komo lokacin da ya baro. Wancan azumin da ya zo cikin irin wannan zafin, shi ne ya raba ni da mijina, kuma sukari ne sila.

Mijina, Allah ya jiƙansa, Mai-Rake ake ce masa a unguwa, ni ma haka zan kira shi, don bakina bai saba da sunansa ba. Mutumin ƙasar Makarfi ne, a cikin rake ya buɗe ido. Gidansu gidan mazarƙwaila ne tun kakanni: doki yana zagaye yana juya injin matsa, ruwan rake yana kwarara, a dafa shi a babban kasko har ya yi kauri ya yi ja, a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Da babban fari ya zo, fadamarsu ta tsage, ya sayar da ita, ya sayar da dokin, muka yi kuɗin jirgi muka taho aikin Hajji, Rabi tana goye. Da aka gama aikin, jirgi ya koma babu mu. Ba mu bar komai a gida ba da za mu koma wa.

Muka sami ɗaki a gefen Balad, tsohon garin Jidda, a wani tsohon gida na dutsen teku wanda masu shi suka tashi suka koma sababbin unguwanni. Ɗakinmu ne na can sama, ƙofarsa tana kallon rufin gidan, inda muke shanya da girki. Mai kula da gidan wata dattijuwa ce 'yar Damagaram, Iya Hadiza, wadda ta daɗe a ƙasar har ta sami iƙama, wato takardar izinin zama. Ranar da muka tare ta zaunar da mu ta ce, "Ku ji, 'ya'yana. Marar takarda a garin nan ba ya faɗa, ba ya tsayawa kallon faɗa, ko tari zai yi ya yi a hankali. Ranar da aka san da ku, ranar kun tafi." Wannan magana ita ce dokar gidanmu. Duk safiya in Mai-Rake ya sauka matakala, addu'ata guda ce, Allah ya dawo da shi kafin magariba.

Dako yake yi a rumbun wani ɗan kasuwa kusa da tashar jiragen ruwa. A shekarar da nake faɗa, jirage suka yi ta sauke sukari kamar ba za a sake yin wani ba, har ya fi ƙarfin bakin mutanen gari. Farashi ya faɗi warwas. Rumbun maigidansu ya cika har rufi, babu mai tayawa. Ruwan sama na lokacin sanyi ya sami kafa a kwano ya jiƙa na sama, danshin bazara ya zo ya ƙarasa na ƙasa. Buhuna suka riƙa tsatsafo da ruwa mai danƙo, wasu suka dunƙule suka zama dutse. Mai-Rake yakan dawo rigarsa ta manne a bayansa, ƙudaje suna rakiyarsa har ƙofar ɗaki.

Ana saura kwanaki kaɗan a ga wata, ɗan kasuwar ya tara 'yan dakonsa ya ce babu kuɗin da zai ba su, kowa ya ɗebi buhunan da suka lalace a madadin ladansa. Wani ya ɗaga murya, ɗan kasuwar ya ce masa, "In ba ku yarda ba, ku kai ƙara." Ya san babu mai takarda a cikinsu. Haka Mai-Rake ya riƙa hawo da buhuna a ka, har suka cinye rabin ɗakinmu.

Ban taɓa sanin mutum zai kwana da yunwa a gefen abin daɗi ba sai a wannan azumin. Na ɗauki sukari a kwano na kai wa mai kantin lungunmu in musanya da shinkafa. Ya yi murmushi ya nuna mini nasa buhunan, farare tas, su ma ba sa tafiya. Duk gidan da ɗan dako yake, akwai irin namu. Da sahur in jiƙa sukari a ruwa, in tace da gefen mayafi saboda ƙasa da zaren buhu, mu tsoma busasshen burodin da Iya ke samo mana a gidan burodi. Kafin hantsi ƙishirwa ta taso, don babu abin da ke kiran ƙishi kamar zaƙi. Da azahar iska takan tsaya cik, bango ya yi gumi, tabarma ta yi gumi, harshe ya yi kauri a baki. In yi kwance ina kallon tururuwa sun yi layi daga taga zuwa buhuna, ba ni da ƙarfin korarsu. Da an kira magariba, ruwan sukari ne dai, sai dabinon da ya samo a masallaci, sai ɗan abin da Iya ta rage mana a tukunyarta.

Rabi tana da shekara huɗu a lokacin. Kwana biyun farko murna ta yi, tana ɗiba da hannu tana lasa. Daga baya cikinta ya ɓaci, ta rame, in ta ga na nufo ta da kofi sai ta juya fuska bango ta ce, "Inna, tuwo." Uban yana ji. Sai ya tashi ya fita rufi ya tsaya.

Wata rana bayan la'asar ya shigo da fuskar da na daɗe ban gani ba. Ya ce, "Asabe, ashe ni wawa ne. Ga sana'ar ubana a jibge a ɗaki, ina ta kallonta. Mazarƙwaila zan yi. Mutanenmu nawa ne a garin nan da suka yi shekaru ba su ɗanɗana ta ba? Ga Salla tafe, ga alhazai bayanta. Ko nawa na yi sai ta ƙare."

Na ce, "Da farin sukari, Malam?"

Ya ce, "Daga rake ya fito, ai ɗan gida ne. In na narka shi na tace, na ba shi wuta yadda ya kamata, zai tuna asalinsa."

Wallahi na yi murna. Ba don cinikin kaɗai ba. Mutumin da na aura mai sana'a ne, wanda ake zuwa daga wasu garuruwa a sayi ta hannunsa, na kuma yi shekaru ina kallonsa yana ɗaukar kayan wasu a ka. A ranar har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa.

Ya samo durom biyu na ƙarfe, muka wanke su da toka. Ruwa kuwa a Balad ta wancan zamanin ba a famfon ɗaki yake ba. Sai an je famfon unguwa an bi layi, ko a saya wurin masu ga-ruwa. Shi da kansa ya riƙa jido shi, garwa biyu a sanda, yana hawa matakalar nan da azumi a bakinsa, yana tsayawa a kowane hawa yana haki. Muka farfasa dunƙulen sukarin da taɓarya muka zuba. Buhunan ma bai bari ba, sai da ya jiƙa su ya matse, wai zaƙin da ke jikinsu haƙƙinsa ne. Iya Hadiza ta ba mu aron babbar tukunyarta ta biki. Komai ya haɗu, sai abu guda, itace.

A gida ba a neman makamashi, ɓawon raken da aka matse shi ake shanyawa a hura. A Jidda kuwa risho muke girki da shi, kuma risho ba zai dafa durom ba, ko da muna da kuɗin kananzir. Sai ya shiga tsinto katakon akwatunan da suka karye a bakin tasha, yana ɓoyo su cikin riga, yau guntu biyu gobe uku.

Na ce masa, "Malam, ba na ji kana cewa ruwan rake ba ya kwana ba? A ranar da aka matse ake dafawa."

Ya yi dariya ya ce, "Wancan rake ne mai rai. Wannan kuwa Bature ya riga ya kashe shi a inji, ya wanke shi ya yi masa likkafani. Matacce ba ya tsami. Zai jira ni."

Maganar ta shiga kunnena, don shi ne masani. Duk abin da ya sani game da rake gaskiya ne, kuma shi ya ja shi. Da bai san komai ba, da ya ji tsoro.

Duromin suna kan rufi, rana tana dukansu tun fitowarta. Bayan 'yan kwanaki na fita shanya sai na ji wani sauti, siii, kamar ana raɗa. Na ɗaga murfi, na ga kumfa tana tasowa tana fashewa. Washegari wari ya fara, mai zaƙi-zaƙi da tsami, yana hawa kai. Mai-Rake ya duba. Ya ce tsami ne kawai, kanwa za ta kashe shi. Ni da shi babu wanda ya taɓa shaƙar giya a rayuwarsa, balle mu gane ta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Iya Hadiza ce ta hawo da hantsi, tana dafa bango, hancinta a toshe da mayafi. Ta leƙa durom, ta ja da baya, ta ce, "Innalillahi! Mai-Rake, ka san abin da ka haɗa? Na yi aiki a gidan Nasara a Damagaram, na san warin nan. Giya ce. Giya a ƙasar nan, a watan azumi, a gidana!"

Ya ce, "Subhanallahi, Iya! Sukari ne da ruwa. Da hannuna na zuba."

"Ita ma da hannu ake zuba ta. Yalla, ka san yadda za ka yi da ita yau ɗin nan. Halas."

To, yaya za a yi da ita? Gidan babu magudanar da za ta shanye durom biyu. In aka tuntsurar, ta indararo za ta bi ta sauka lungu, kowa ya shaƙa. In ya ɗiba a garwa ya nufi teku, marar takarda ne ɗauke da abin da ke shelar kansa tun daga nesa. In aka bari, kullum ƙaruwa take. Gaba kura, baya siyaki. Na ce a riƙa zubarwa kaɗan-kaɗan a masai. Iya ta ce masan gidan rami ne, warin zai cika kowane ɗaki. Shi kuwa yana tsaye yana kallon ruwan da ya hawo da shi a kafaɗarsa, da ladan aikinsa na watanni, da tuwon Rabi.

Ya ce, "Wuta tana gyara shi. In ya tafasa, tsamin zai fita da tururi, zaƙin ya zauna. Itacen da na tara zai kai. Ku ba ni zuwa la'asar."

Iya ta ce, "Ni dai ban gani ba, ban ji ba." Ta sauka.

Ya jera duwatsu, ya ɗora tukunya, ya hura wuta. A nan ma bai yi ƙarya ba, tsamin ya fita da tururi. Sai dai ba mu tambayi kanmu inda zai tafi ba. Iska ba ta motsi a ranar, tururin ya sauka ya kwanta a lungu, ya shiga tagogin mutane masu azumi. Na ji ana buɗe tagogi, na ji wata mata tana salati da Larabci. Har yau ban san wanda ya je ya faɗa ba, kuma na daina zargin kowa. Wanda duk ya shaƙi abin nan, ya ɗaga kai ya ga hayaƙi a rufi da rana tsaka, abin da zai zata ke nan.

Iya ce ta fara jin takalmansu. Ta hawo da saurin da ban san tana da shi ba, ta fizgi hannuna, ta sunkuci Rabi, ta tura mu wani ɗan ɗakin tarkace da ke bakin matakala, ta shigo ta ja ƙofa. Ƙofar tana da tsaga, ta nan na ga komai. Askarawa suka fito rufi suka tarar da shi da ludayi a hannu, ga durom, ga wuta, ga wari. Ya yi ta cewa, "Sukkar, sukkar, halawa," yana nuna buhuna, yana kwatanta curin mazarƙwaila da tafin hannu. Larabcinsa na dako ne, bai wuce ɗauka da ajiye ba. Babbansu ya ce, "Iƙama?" Ya sunkuyar da kai.

Sai mutumin ya leƙa ɗakinmu, ya ga zanena a igiya, ya ga 'yan takalman Rabi. Ya tambaye shi ina iyalinsa. Mai-Rake ya san inda muke, don ya ga shigarmu. Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Mafi ahad." Babu kowa. Ya ce kayan na mai kula da gidan ne, shi kaɗai yake zaune. Rabi ta buɗe baki za ta ce Baba, Iya ta rufe mata shi da tafin hannu. Ni kuwa na cusa mayafi a bakina na cije. Na san don mu ya faɗa, don kada a kwashe mu a mayar inda babu gona babu rumbu. Duk da haka babu kalmar da ta taɓa yi mini ciwo kamarta.

Suka sa shi ya tuntsurar da duromin da hannunsa. Ruwan ya bi indararo ya zuba lungu, mutane suna tsalle suna kaucewa. Suka sauka da shi babu takalmi, da azuminsa a baki. Ya wuce ta gaban ƙofar da muke, kusa har ina jin numfashinsa.

Iya ta sha tambayoyi, takardarta da shekarunta suka cece ta. Ita ce ta yi ta bin sawu har ta samo labari, wai an yi masa bulala, an tsare shi, daga baya aka sa shi a jirgi. Warin bai bar lungun ba har bayan Salla, ƙasa ta shanye shi, kullum rana ta yi zafi sai ya taso. Mata in za su wuce ƙofarmu sai su ja mayafi su rufe hanci. Yara suka sa wa Rabi 'yar mai giya. Mutumin da ko goro bai cika ci ba, wanda ba a taɓa rasa shi a sahun asuba ba, da wannan sunan ya bar Jidda. Sauran buhunan na bar wa tururuwa, na kama aikin wanke-wanke a wani gida a unguwar Aziziyya, inda daga baya suka zama kafilaina, suka tsaya mini na sami takardar zama.

Shekara biyu bayan haka wani alhaji daga ƙasarsu ya yi ta tambaya har ya same ni. Ya miƙo mini ƙullin tsumma, ciki curin mazarƙwaila ne guda, ja, mai kyau, irin wadda ba a samu a kasuwa. Ya ce Mai-Rake yana ƙodago a injin wani, yana tara kuɗin dawowa. Ya ce in ba Rabi ta ɗanɗana, ta san abin da ubanta yake son dafa mata ran nan. Na gutsura na ba ta. Ta lasa, ta yamutsa fuska, ta ce da Larabci warin hayaƙi take yi, ta miƙo mini. Yarinya ce, ba ta san me ta mayar ba. Alhazan shekarar da ta biyo su suka kawo labarin rasuwarsa.

Duk wannan ya wuce ta gabana jiya, talabijin tana ta nuna manyan tankuna masu ƙyalli da mutane cikin fararen riguna. Na ce wa Fahad, "Su waɗannan da ke barin ruwan rake ya yi tsami, ana kama su?"

Ya ce, "La, ya Sitti! Hukuma ce ma take cewa su yi. Har taimakonsu ake, don kada manoma su yi hasara."

"Ba a yi musu bulala?"

Ya dube ni kamar tsufa ya fara taɓa ni. "Bulala lesh? Aikinsu ne."

Na juya na ga Rabi tsaye a ƙofar kicin, matsamin suya a hannunta, mai yana ɗiga a ƙasa. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ranar nan ba, na ɗauka ma ba ta tuna. Ta ce, a hankali, da Hausar da ba ta cika yi ba, "Inna, hannun Iya warin albasa yake."

Aka kira salla. Fahad ya tashi ya zuba mini shayi, ya ɗauki cokali, sai ya tuna ya ajiye. A gidan nan kowa ya ɗauka likita ne ya hana ni sukari. Babu likitan da ya taɓa hana ni. Na karɓi kofina na sha, Rabi ta zo ta zauna kusa da ni, sambusarta tana ƙonewa a kasko.